Rabon Ilu

Shekara bakwai ina kiwon labarin nan
a kaye goma sha ɗaya masu shuɗin bango,
cikin kwalin sabulu, a ɗakina na Birni.
Gara ta ci kusurwar babi na huɗu,
na ce ta fi ni sanin inda ya yi tsawo.

Barira, 'yar ƙanwata, ta buga shi tsaf
a shagonta na bayan Kasuwar Dole,
jaka tara, ta yafe biyu don zumunci.
Ta miƙo mini ɗan ƙarfe kamar ƙwallon dabino:
"Kawu, ga littafinka."
Na juya shi a tafin hannu.
Shekara bakwai, ko nauyin goro bai yi ba.

Na gyara tabarau, na fuskanci gilashi.
Na'urar nan Faransanci ta sha a nono,
kowace kalma tawa ta ja mata jan layi,
yadda nake yi zamanin ina mushe a lakwal,
ina zubar da jinin kayen 'ya'yan mutane.
Yau ramuwa ta zo.
Ba ta san lanƙwasa ba:
baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa.

Amma a faɗi gaskiya ko ta maƙiyi ce.
Ta kumbura mini haruffa har na ajiye tabarau.
Ta ƙirga "nan take" sau sittin da uku,
ni da nake rantsuwa ban faɗe ta sau biyar ba.

Akwai baduku a labarin, sunansa Gado.
Na tuna maƙwabcina ma Gado ne, kuma mai riƙo,
na ce a mai da shi Ilu.
A takarda aikin sati uku ne, da yawu a ɗan yatsa.
Barira ta danna sau ɗaya, ta ce an gama.
Na sa mata albarka.

Sai a shafi na casa'in
tsohuwa ta gaji, ta haye Ilu ta kwanta.
Kafinta ya buga wa ƙafar Ilu ƙusa uku.
Da mai gida ya rasu, 'ya'ya suka taru gaban alƙali
a raba Ilu, kowa da kasonsa.
Barira ta yi dariya har kallabi ya zame.
Muna cikin ɗinke baduku aka ɗauke kuran,
gyaran yini guda ya bi duhu,
ba sallama.

Da dare na jawo kwalin, na kunna tocila.
Nan abin da na soke yana kwance ƙarƙashin layinsa
kamar mai barci a gidan sauro,
in na yi nadama, in taɓa shi ya tashi.
A gilashi wanda ka kashe ba shi da kabari.

Ga da'irar kofin shayi a babi na shida.
Ga lissafin kuɗin 'yan garuwa a gefen mutuwar sarkin dukawa.
Ga kuma, a kaye na takwas, da fensir,
rubutun Tamadi, Allah ya jiƙan ta,
a karkace, don da hagu take yi:
"Mace ba ta magana haka. Tambaye ni."
Ban tambaya ba. Na ce sai na gama.

Wannan bai shiga ƙwallon dabino ba.

Da safe na hau kabu-kabu na koma shago.
Na ce ta fitar mini da shi duka a takarda,
ta bar fili mai faɗi a gefe.
Ta ce, "Kawu, jaka shida fa."
Na biya. Na sayi jan bik guda biyu.

Yanzu ina zaune a inuwar dutsen bayan gida,
na danne shafuka da tsakuwa,
na tsaya kan maganar matar nan tun hantsi.
Akuya tana kallon babi na ɗaya.
Jira, ke ma layinki zai zo.